Rasuwar Shuɗiya, Wayar Da Aka Ɗora Wa Aikin Kwamfuta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama naɗe cikin ƙyalle, ni Malami Ɗangiwa na garin Kebbe, manomi kuma mai ɗan abin kiwo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida, da na Tambuwal, Sanyinna da Dogon Daji, rasuwar wayata kuma abokiyar tafiyata, wadda kowa ya sani da suna Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata bayan sallar azahar, a tsakar gidana, tana da shekara shida a hannuna. Ta tafi cikin wuta da hayaƙi da kururuwar mata, kuma hannun da ya kashe ta shi ne wannan da yake naɗe. Da hagu nake rubutu, saboda haka a yi haƙuri da karkacewar layi.

Marigayiya ta zo hannuna sabuwa fil daga kasuwar Tambuwal. Duk wanda ya zauna da ita zai shaida cewa mai haƙuri ce. Ta taɓa faɗowa daga babur ina tsakiyar gudu, ta yi ta wuntsilawa a kan tsakuwa, na dawo na tarar da ita tana ringin kamar ba abin da ya faru. Jan bijimina ya taɓa take ta a garke, gilashinta ya tsage daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ci gaba da aiki da tabonta har ƙarshen ranta. Ta faɗa cikin ƙwaryar fura, na tsamo ta, na shanya ta a kan danga, ta tashi. Ni kaina, in ta daskare ta ƙi motsi, nakan buga ta a gwiwata sau biyu ko uku da ƙarfi, kuma ba ta taɓa riƙe ni a zuci ba. Ba ta taɓa yi mini ƙaryar lokacin salla ba. In kira ya shigo takan ce tirrin-tirrin da murya mai kaifi da ake ji har bayan rumbu. In yunwa ta kama ta kuwa, ƙwit ɗaya take yi a hankali, kamar baƙuwar da take jin kunyar neman ƙari.

Kafin in faɗi yadda ciwonta ya fara, dole in ambaci ɗiyata Rauda, ta uku a cikin 'ya'yana, mai shekara ashirin. Shekara guda ta yi a Tambuwal, a gidan ƙanwata Mardiya, tana zuwa wata makarantar koyon kwamfuta. Abin da take koyo shi ne rubuta manhaja, wato irin abubuwan nan da ake dannawa a waya su yi wa mutum aiki. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, amma na fahimci ƙa'idar makarantar. Wanda zai fita sai ya ƙera tasa manhajar da hannunsa, ya tsaya gaban malamai ya nuna tana aiki. In ranar da aka sa ta wuce bai nuna ba, babu takarda, shekararsa ta tafi a banza.

Wata uku da suka wuce Rauda ta zo gida hutun mako guda. A cikin makon nan 'yan bindiga suka tare wata mota a hanyar Tambuwal, aka kora mutanen cikinta daji, har da wani mutum da muke cin kasuwar shanu tare. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. In na rufe ido sai in ga ɗiyata a cikin motar. Na rantse a gaban uwarta, Na'iya, cewa Rauda ba za ta sake hawa hanyar Tambuwal ba. Malaminta, Malam Jamaluddeen, ya kira ni har sau uku yana roƙo, ta bakin marigayiya na ba shi amsa, ta bakinta kuma na katse shi.

Da Rauda ta yi kuka ta gaji, sai na ciro Shuɗiya daga aljihu na ajiye a gabanta. Na tambaye ta abin da kwamfuta take da shi da wannan ba ta da shi. Tana da gilashi, tana da haruffa, tana da wuta. Na ce ta yi aikinta a gida, inda idona yake ganinta.

Ta ce, "Baba, wurin da ake rubuta manhaja kamar maƙera yake. Akwai uwar maƙera, akwai zugazugi, akwai guduma da awartaki. Don babbar kwamfuta ta kan tebur anka gina shi. Kai kuma so kake in ɗauko maƙera gaba ɗaya in cusa maka a aljihu."

Na ce, "Cusa."

Da wannan kalma ɗaya na yanke wa marigayiya hukunci.

Abin da ya biyo baya ba zan kira shi jinya ba, azaba ce. Da farko sai da aka sauke kayan aikin daga intanet, sabis ɗinmu kuwa kowa ya san halinsa. Rauda ta riƙa hawa kan surin da ke bakin gonata da rana tsaka, hannu a sama, ni ina tsaye a ƙasa da gora ina gadinta. Kwana uku muna wannan. Sau biyu abin yana kaiwa dab da ƙarshe sai ya tsinke, a koma farko. Da ya gama sauka, marigayiya ta ce cikinta ba wuri. Nan aka fara yi mata fiɗa da ranta. Aka cire hotunan shanuna na shekara shida. Aka cire wa'azin da nake saurare a gona. Aka cire hoton bikin sunan jikana. Ina zaune ina kallo ɗiyata tana danna "goge, goge, goge," kowace dannawa kamar an zare mini haƙarƙari ɗaya, amma ni na ce a cusa.

Bayan an kwashe mata hanji, sai kayan aikin suka ƙi zama. Rauda ta bayyana mini cewa ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta daban, ta waya daban, ba sa jin maganar juna, sai an sa wani tafinta a tsakani, shi ma tafintan yana cin wuri yana cin wuta. Ta ce kuma waɗanda suka ƙera wayar sun kulle wasu ɗakunan cikinta, sai an ɓalle makullin kafin a shiga. Ranar da za a ɓalle, marigayiya ta yi gargaɗi da jan rubutu har sau biyu. Ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa, ta tsaya baƙi ƙirin tsawon lokacin da za a iya tatsar saniya uku. Na ɗauke ta zan buga a gwiwa, Rauda ta riƙe mini hannu. Can sai ta yi ɗan haske, ta yi zzzt a tafina, ta dawo. Amma tun daga wannan rana ba ta ƙara zama Shuɗiyar da na sani ba.

Maƙera ta shiga aljihu, sai dai komai nata ya ƙanƙance. Wuraren dannawa suka koma kamar ƙwayar riɗi. In Rauda ta sa yatsa ɗaya sai ta danna fuɗu a tare. An gina abin ne don wanda yake da ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, ita kuwa ba ta da shi, sai ta fiƙe tsinken kara ta naɗa masa takardar alawa mai ƙyalli a baki, da shi take tsikarar gilashin. In ta buɗe haruffa za ta yi rubutu, su haruffan sai su cinye rabin fuskar wayar, layi biyar kawai take gani a cikin aikin da ya kai layi dubu. Alamomin da suke amfani da su, masu kama da ƙugiya da baka, an ɓoye su can a shafi na uku. Marigayiya kuma, saboda biyayyarta gare ni, takan gyara wa Rauda rubutu ba a tambaye ta ba. An taɓa yini guda ana neman abin da ya hana aiki tafiya, ashe ita ce ta cire wata kalma ta sa sunan Sarkin Fawa a wurin.

Da idon Rauda ya fara ruwa, sai ta sake dabara. Ta samo littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowane layi sai ta fara rubuta shi da biro a takarda, ta duba shi da kyau, sannan ta tsikara shi cikin waya harafi bayan harafi. Ni a lokacin dariya na yi mata, na ce ashe kwamfutar ma da allo take farawa.

A nan zan faɗi abin da take ƙerawa, domin ya shafi yadda marigayiya ta cika. Manhajar makiyaya ce. Za ta riƙa tuna wa mutum ranar allurar rigakafin shanunsa, da murya, da Hausa, don wanda bai iya karatu ba. A ciki kuma akwai abin da za a yi wa dabba in ciwo ya taso kafin malamin dabbobi ya iso. Wannan ɓangare daga bakina ta ɗauke shi. Kullum bayan la'asar sai ta zauna a gabana da biro, ina faɗa tana rubutawa. Ban taɓa jin girma irin na waɗannan ranakun ba. Na ba ta maganin kaska, na ba ta na ciwon kofato. Na kuma ba ta wanda aka fi sanina da shi a ƙasar Kebbe, wato maganin kumburin ciki. In saniya ta ci gyauron dawa, cikinta ya cika da iska ya ɗaure kamar ganga, ba a jira. Ana laluben ramin da ke gefen hagu, bayan haƙarƙarin ƙarshe, a yi bisimilla, a soka abu mai tsini, iska ta fita, saniya ta miƙe. Shanu goma sha ɗaya na ceta da wannan hannu a rayuwata. Har daga ƙauyuka ake zuwa ɗaukata a babur saboda shi.

Mafi tsananin azabar marigayiya ita ce abin da Rauda take kira haɗawa. In ta gama rubutu, sai ta umarci wayar ta narka shi duka ta fitar da manhaja. Ta ce a makaranta kafin ka sha kofin ruwa an gama. A wurin Shuɗiya kuwa sai a aza tukunyar wake a sauke ba ta gama ba. Kuma ita waya ce, halinta na waya bai bar ta ba. Da kira ya shigo sai ta watsar da aikin ta ruga ta amsa. Ana saura ƙiris sai ka ji tirrin-tirrin, wani dillali ne yake tambayar ko zan sayar da maraƙi. Na zagi mutanen da ban taɓa zagi ba. Na ce wa wani dattijo, sa'an mahaifina, Allah ya tsinke masa layi. Ina neman gafararsa a bainar jama'a. Haka kuma in aka bar ta ba a taɓa ta ba, sai ta rufe ido ta yi barci, ta kashe aikin a cikin barcin. Dole aka sa mai gadi. Na'iya tana tankaɗe da hannu ɗaya, ɗayan yana dangwalar gilashi, har fuskar marigayiya ta yi fari da gari.

Ga bazara. Marigayiya ta riƙa ɗaukar zafi har ba a iya riƙe ta da hannu. Muka riƙa kwantar da ita a kan danshin yashin da ke gindin randa, muna yi mata fifita da faifai. Wuta kuma ba ta isarta, saboda haka igiyar sola ba ta fita daga bakinta tun hantsi har la'asar, tana ci tana aiki tana ƙuna. Malam Jamaluddeen ya aiko da saƙon murya, ya ce wannan kaya ya fi ƙarfin waya, don Allah a kawo yarinya, kwamfuta tana nan tana jiranta. Na saurara, na goge saƙon da hannuna, ban faɗa wa Rauda ba. Yau nake faɗa.

Kwana biyar kafin rasuwarta, cikinta ya fara tasowa. Marfin bayanta ya ɗaga, har ana iya zura farce. In aka kwantar da ita a tabarma sai ta riƙa lilo kamar ƙwarya. Rauda ta ce batir ne, kada kowa ya matsa shi, a lallaɓa kawai a gama.

Ranar Talata da hantsi aka gama. Ina gyaran igiya a inuwar rumbu na ji ihun ɗiyata. Ta zo a guje ta durƙusa a gabana, ta danna. Marigayiya ta buɗe baki, da muryar Rauda a cikinta, ta ce, "Salamu alaikum, makiyayi. Gobe ranar allurar shanunka ce." Na ce a sake. Ta sake faɗa. Sau bakwai na sa aka maimaita. Na'iya ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Waɗannan su ne kalmomin ƙarshe da na ji daga bakin marigayiya.

Bayan azahar Rauda ta ce za ta je unguwar gabas ta aro wayar wata ƙawarta, ta kwashe aikin ta zuba a can, domin ba ta yarda da cikin nan ba. Ta kwantar da Shuɗiya a gindin randa. Ta kai bakin zaure ta juyo ta ce, "Baba, don girman Allah, kada ka taɓa ta. Yanzu nika dawowa."

Na yi niyyar bin maganarta, Allah shi ne shaidata. Amma na je shan ruwa, na duba, na ga cikin ya ƙaru. Gilashin ya fara rabuwa da jikinta, haske yana leƙowa ta gefe. Na taɓa, na ji ya ɗaure tam. Na san wannan ɗaurin. Sau goma sha ɗaya na ji shi a ƙarƙashin tafina. Zuciyata ta ce mini wata ukun ɗiyata suna cikin wannan ciki, kuma in na tsaya jira, kafin ta dawo daga unguwar gabas an gama. Wanda ya taɓa ganin saniya ta faɗi ana jiran malamin dabbobi zai gane abin da nake nufi.

Na ɗauko basillar ɗinkin buhu. Na ɓamɓare marfin. Na lalubi gefen hagu. Na yi bisimilla, na soka.

Da farko ta ce fssss, na ce alhamdulillahi, iska tana fita. Sai wani wari mai zaƙi-zaƙi ya bugi hancina, farin hayaƙi ya feso kamar an buɗe tukunyar dambu. Ban gama ja da baya ba ta ce fau! Harshen wuta ya fito daga ramin da na huda, tsawon kamu guda, ya lashe mini tafi da yatsu uku har na ji ƙaurin namana. Na yi jifa da ita. Ta daki bango ta dawo, ta riƙa juyawa a ƙasa tana tofar da wuta ta ko'ina, tana tas-tas-tas, ta bi ta ƙarƙashin akuya ta babbake mata wutsiya, ta shige gindin harawar da na tara tun kaka. Harawa ta kama. Zana ta kama. Na'iya ta yi watsi da garin da take tankaɗe ta ɗora hannu a ka. Na sheƙa wa wayar ruwan randa, ta yi tsaki ta ƙara fashewa a karo na biyu, da ƙarar da ta fi ta farko.

Jama'a sun san zaman da muke yi a wannan yanki. Ƙara biyu, hayaƙi, da kururuwar mace a gida ɗaya, ma'anarsu ɗaya ce a kunnen kowa. Mata suka suri yara suka yi fadama. Wani maƙwabci ya harba bindigar toka sama. Taubashina Mu'awiya ya zo da adda tsirara, ya banke ƙofar zaurena ta fita daga mariƙinta, ya ci karo da azara, haƙorinsa na gaba ya faɗi a wurin. Bakinsa na jini yana ihu, "Ina suke? Ɗangiwa, ta ina sunka bi?"

Ni kuwa a lokacin na janyo marigayiya daga cikin harawa da manjagara, na ɗauki taɓarya, ina dukanta. Na doke ta har ta daina tsaki. Na doke ta har gilashinta ya zama gari. Na ci gaba da duka bayan ta mutu, ban san dalili ba, sai da maza uku suka rirriƙe ni.

A haka Rauda ta shigo ta same ni. Ta taho a guje tun daga unguwar gabas, ba takalmi a ƙafa ɗaya, wayar aro a hannunta, tana tsammanin za ta tarar da gawar ubanta. Ta tarar da ni tsaye da taɓarya. Ta dubi ƙasa, ta dubi basilla, ta dube ni. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Baba, mi ta yi maka?" Ta shige ɗakin uwarta. Tun daga lokacin ba ta ƙara ce mini uffan ba. Takan kawo mini abinci ta ajiye, takan wanke mini ƙunar ta shafa magani ta naɗe, ba ta ɗaga ido.

Marigayiya ta bar caja guda ɗaya, tsohuwa, mai wuya ɗaure da zare, wadda har yanzu take rataye a jikin sola ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar rigar fata da baduku ya ɗinka mata. Ta bar tsinken kara mai bakin ƙyalli. Ta bar kakarta, wata ƙaramar waya mai tocila da ta yi ritaya a ƙasan akwati, wadda aka tayar yanzu aka mayar bakin aiki da tsufanta. Ta bar akuya mai guntuwar wutsiya, da shanu tara da ba su da harawa har saukar damina. Ta kuma bar marayu fuɗu, su ne littattafan nan na rubutu da na yi wa dariya. Suna ƙarƙashin matashin Rauda lokacin gobarar, ko ƙauri bai taɓa su ba.

Jiya na ɗauki kakar marigayiya na kira Malam Jamaluddeen. Na faɗa masa komai, har da saƙon da na goge. Na ji kamar yana toshe bakinsa da hula. Daga baya ya ce ranar nuna aiki ita ce Litinin ta sama, kuma ba za a ɗaga wa kowa ba. In Rauda ta iso ranar Asabar, tana da kwana tara, zai ba ta kwamfuta ta kwafe littattafanta a ciki, ta sake gyara kurakuran da ta gyara a waya ba ta mayar a takarda ba. Ya ce zai yiwu, amma da ƙyar, kuma ko kwana ɗaya aka ƙara ba zai yiwu ba. Ya roƙi a taho da gawar, domin sauran malamai ba za su yarda da labarin ba sai sun gani da idonsu.

Hanya tana nan yadda take. Ba wanda ya zo ya ce mini ta gyaru. Mutumin da aka kora daji ya dawo, amma har yau in mota ta taka birki sai jikinsa ya ɗauki rawa. Tsorona bai ragu ko da ƙwayar gero ba. Sai dai na zauna na duba abin da tsoron nan ya aikata a cikin gidana. Na tsare ɗiyata daga mutanen daji, na zo na ƙone mata wata uku da hannuna, da rana tsaka, da bisimilla a bakina.

Yau da safe, da ta gama naɗe mini hannu, ta bar ɗaya daga cikin littattafan a kan tabarmata, a buɗe, ta fita. Shafin maganin kumburin ciki ne, kalmomina ne tun daga gyauron dawa har zuwa sokawa. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya da jan biro, ta ja masa layi biyu: "A kula: saniya kawai." Na karanta, na ɗaga kai, na gan ta a bakin ƙofar ɗaki ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ban sani ba ko kuka ne ko dariya. Na ce mata ta haɗa kayanta.

Game da jana'iza, liman ya ja mini kunne cewa ba a yi wa waya salla, kuma na karɓa. An tattara abin da ya saura na marigayiya, an sa a rigarta ta fata, an naɗe da farin ƙyalle, an saka a gwangwanin madara. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidana yau da gobe, daga hantsi zuwa la'asar. A shigo kai tsaye, zauren ba shi da ƙofa. Kada a kira lambata, mai amsawa ta riga mu gidan gaskiya. Kada a miƙo mini hannun dama. Wanda ya zo da dammin harawa ya fi wanda ya zo da dogon jawabi. Mu'awiya, wanda tun ranar Laraba yake bin kasuwa da wawulonsa yana kirana likitan waya, yana tambayar mutane ko akwai mai rediyon da cikinta ya kumbura, an yafe masa zuwa.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da sanyin safiya daga tashar Kebbe, a motar farko, zuwa Tambuwal, inda malamai za su yi mata kallon ƙarshe kafin a binne ta a bayan gidan Mardiya. Masu rakiya biyu ne. Rauda za ta riƙe littattafanta. Ni zan riƙe gwangwanin da hagu, in zauna ta bakin ƙofa, ita ta zauna daga ciki. Ba zan dawo Kebbe ba sai na tsaya a bayan ajin nan ranar Litinin, na ji babbar kwamfuta ta buɗe baki da muryar ɗiyata ta gaida makiyayi.

Duk wanda wannan takarda ta isa gare shi, kada ya wahalar da kansa da yi wa Shuɗiya addu'a, ta gama nata. Ya yi wa motar Asabar.